Kwanciyar Hankali A Wurin Aiki: Abin Da Ilmin Halayyar Ɗan Adam Ya Gano

GABATARWA

Duk wanda ya taɓa shiga masaƙa ko wurin gini ya san irin hatsarin da ake yi wa ma'aikata gargaɗi a kansa: injin da ba a kare bakinsa ba, da wayar lantarki da aka bari tsirara, da tsani mai rauni. Irin wannan hatsari ido yana ganinsa, shi ya sa aka daɗe da yi masa doka. Amma akwai wata illa da aiki kan jawo wadda ba ta zub da jini, ba ta kuma barin tabo a fata. Ita ce damuwar da ke cin ma'aikaci a zuci, ta hana shi barci, ta sa shi faɗa da iyalinsa ba gaira ba dalili, har wata rana ta kai shi gadon asibiti da hawan jini.

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa kowace shekara ana hasarar ranakun aiki kimanin biliyan 12 a duniya saboda ciwon tsananin damuwa da ciwon fargaba. Idan aka ƙiyasta wannan hasara da kuɗi, ta kusa kai Dalar Amurka tiriliyan 1.

Masana halayyar ɗan Adam sun yi shekara fiye da ɗari suna nazarin wannan al'amari. Babban abin da bincikensu ya nuna shi ne, kaso mai yawa na damuwar aiki daga yadda aka tsara aikin yake fitowa, da kuma yadda shugabanni ke tafiyar da na ƙasa da su. Abin da mutum ya tsara kuwa, mutum yana iya gyara shi.

MENE NE WANNAN ILMI?

Ilmin halayyar ɗan Adam shi ne nazarin yadda mutum ke tunani, da abin da ke faranta masa rai ko ya ɓata masa, da dalilin da ke sa ya aikata abin da yake aikatawa. Jama'a da yawa suna zaton wannan ilmi na masu taɓin hankali ne kawai, wasu ma suna ɗaukarsa tamkar duba. Ba haka abin yake ba. Masanan suna lura ne, su yi tambaya, su auna, su gwada wannan rukunin mutane da wancan, sa'an nan su ga abin da ya fito. Wani reshe nasa ya keɓanta ga wuraren aiki, watau ofisoshi da masana'antu da asibitoci da makarantu, kuma a kansa ne wannan bayani zai tsaya.

YADDA DAMUWA KE TAƁA JIKI

Idan mutum ya firgita, jikinsa yakan saki wasu sinadarai cikin jini, waɗanda likitoci ke kira adiranalin da kotisol. Nan take zuciya ta ƙara bugawa, jini ya hau, sukari ya ƙaru cikin jini, jiki ya yi shirin gudu ko faɗa. Wannan halitta ce mai amfani ga wanda ya yi arba da maciji a gona, domin da zarar hatsarin ya wuce, jiki zai koma daidai.

Matsalar wurin aiki ita ce, abin tsoron ba ya wucewa. Ma'aikacin da ke kwana yana tashi da fargabar tsawar shugaba, ko tsoron kora, ko tulin fayil da ba ya raguwa, jikinsa yana zama cikin shirin faɗa wata da watanni. A hankali sai barci ya lalace, cin abinci ya rikice, mantuwa ta yi yawa, hawan jini da ciwon zuciya su sami ƙofa. Damuwa 'yar kaɗan takan sa mutum ya zage damtse. Wadda ta daɗe ba sassauci ita ce mai cutarwa.

ABUBUWA BIYAR DA BINCIKE YA NUNA

Na farko: yawan sa'o'i ba shi ne yawan aiki ba.

A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, ma'aikatan da ke ƙera harsasai a Biritaniya sukan yi sa'a 70 ko fiye a mako, har da ranar Lahadi. A shekarar 1915 gwamnatin ƙasar ta kafa kwamiti domin ya duba lafiyarsu. Kwamitin ya ga cewa gajiya tana rage abin da ma'aikaci ke samarwa a kowace sa'a, tana kuma ƙara rashin lafiya da fashin aiki, saboda haka ya ba da shawarar a ba su hutun kwana ɗaya a mako. A wurare da dama da aka rage sa'o'i, kayan da ake ƙerawa ba su ragu ba, a wasu wuraren ma ƙaruwa suka yi.

Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa mutum 745,000 sun mutu a shekarar 2016 da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya sakamakon yin aiki na sa'a 55 ko fiye a mako. Sun ce mai irin wannan dogon aiki, hatsarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya fi na mai yin sa'a 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, hatsarin mutuwa da ciwon zuciya kuma ya fi da kashi 17 cikin ɗari.

Na biyu: ma'aikaci yana so a saurare shi.

Daga 1924 zuwa 1932 an yi wani dogon bincike a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da birnin Shikago a Amurka. Da farko so ake a san ko ƙara hasken fitila zai ƙara yawan aiki. Daga baya binciken ya juya ga mutanen kansu, aka tattauna da ma'aikata fiye da 20,000 ɗaya bayan ɗaya. Wani malamin Jami'ar Harvard, Elton Mayo, shi ne ya fi yayata sakamakon. Masanan da suka sake duba alƙaluman daga baya sun nuna cewa an zuzuta wasu daga cikin abubuwan da aka ce an gano. Duk da haka darasi ɗaya ya tsaya: zaman ma'aikaci da abokan aikinsa, da yadda mai duba aikinsa ke ɗaukarsa, suna da tasiri a kan aikinsa, ba albashi da kayan aiki kaɗai ba.

Na uku: nauyi ba tare da iko ba shi ne mafi muni.

A 1979 wani masani, Robert Karasek, ya nuna cewa yawan aiki shi kaɗai bai cika karya mutum ba. Abin da ya fi cutarwa shi ne a ɗora wa mutum nauyi mai yawa, a kuma hana shi ta cewa a kan yadda zai sauke shi.

Binciken da ya fi fito da wannan fili an yi shi ne a kan ma'aikatan gwamnati a Landan, ana kiransa binciken Whitehall. An fara shi a 1967 da ma'aikata maza kimanin 18,000. A da ana zaton manyan jami'ai, masu ɗauke da nauyin yanke shawara, su ciwon zuciya ya fi kamawa. Sai aka ga akasin haka. Ma'aikatan da ke matakin ƙasa, irin su masinja da masu tsaron ƙofa, yawan mutuwa a cikinsu ya kai kusan ninki uku na manyan jami'ai, kuma kowane mataki ya fi wanda ke ƙasa da shi lafiya. Shan taba da hawan jini da makamantansu sun bayyana wani ɓangare ne kawai na wannan bambanci. A 1985 aka fara kashi na biyu na binciken ƙarƙashin jagorancin Michael Marmot, da ma'aikata maza da mata fiye da 10,000. A nan aka ga cewa rashin iko a kan aikin mutum yana cikin abubuwan da ke tafiya tare da ciwon zuciya.

A ɗauki misalin akawu biyu masu aiki iri ɗaya. Na farko an gaya masa abin da ake bukata zuwa ranar Juma'a, an bar shi ya tsara wanda zai fara da wanda zai biyo baya. Na biyu kuwa mutum uku ke ba shi umurni, kowa yana cewa nasa ne na gaggawa, in ya yi na wannan sai wancan ya tuhume shi. Fayil ɗinsu ɗaya, albashinsu ɗaya, amma na biyun ne zai koma gida da ciwon kai.

Na huɗu: zuciya tana auna adalci.

A 1959 Frederick Herzberg da abokan aikinsa sun buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh. Sun ga cewa abubuwan da ke ɓata wa ma'aikaci rai, irin su ƙarancin albashi da mugun tsari da mummunan wurin zama, daban suke da abubuwan da ke sa shi son aikinsa, irin su kammala abu mai ma'ana, da yabo, da amana, da ci gaba. An yi ta muhawara a kan wannan rabe-rabe, amma ya tuna wa shugabanni cewa bukatar ma'aikaci kashi biyu ce, kuma ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya.

A 1996 wani masani, Johannes Siegrist, ya ƙara da cewa lafiya tana taɓuwa idan ƙoƙarin da mutum ke yi ya fi ladan da yake samu, ladan nan kuwa ya haɗa kuɗi da daraja da tabbacin ɗorewar aiki da ƙarin girma. Albashin da ba ya zuwa kan kari, da ƙarin girman da ake bayarwa don sanayya, da aikin da wani ya yi wani ya karɓi yabo, duka suna cikin wannan rashin daidaito.

Na biyar: inda ake tsoron magana, kuskure ɓuya yake yi.

A shekarun 1990 wata masaniya, Amy Edmondson, ta yi nazarin rukunonin masu jinya a wasu asibitocin Amurka. Ta yi zaton rukunin da ya fi kyakkyawan shugabanci shi zai fi ƙarancin rahoton kuskure wajen ba da magani. Sai ta tarar rahotonsu ya fi yawa. Da ta bincika, sai ta ga ashe su ne ba sa tsoron faɗa idan sun yi kuskure, sauran kuwa rufewa suke yi. Wurin aikin da ƙaramin ma'aikaci zai iya cewa "ban gane ba" ko "na yi kuskure" ba tare da an tozarta shi ba, shi ne ke gano ɓarna tun tana ƙarama. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

ALAMUN DA YA KAMATA A LURA DA SU

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin wani hali da ke samun ma'aikacin da damuwar aiki ta daɗe tana ci ba a magance ba. Ba ta lissafa shi cikin cututtuka ba, ta dai ce abu ne da aiki ke jawowa. Alamunsa uku ne: ƙarewar ƙarfi ƙaf, da fitar aikin daga ran mutum har ya riƙa ganinsa banza, da raguwar ƙwazo.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Ma'aikacin da aka sani da fara'a ya koma shiru, wanda ba ya makara ya fara makara, mai tsabtar aiki ya fara kuskure barkatai, mai haƙuri ya zama mafaɗaci, wani kuma ya shiga shan ƙwayoyi ko maganin tari domin ya iya jure yini. Kafin a rubuta masa takardar tuhuma, ya kamata a fara tambayarsa lafiya.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN SHUGABANNI

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki. Ta ba da shawarar a gyara tsarin aikin kansa, a kuma horar da shugabanni su san alamun damuwa da yadda za su tallafa wa na ƙasa da su. Lacca a kan haƙuri ba za ta wadatar ba idan tushen matsalar yana nan. Ga matakan da kowane shugaba zai iya ɗauka, mafi yawansu ba sa cin ko kwabo:

1. A bayyana wa kowane ma'aikaci aikinsa, da wanda zai karɓi umurni daga gare shi, da ranar da ake son aikin. Umurni biyu masu karo da juna shugabanni ne za su warware su, ba ma'aikaci ba.

2. A ba ma'aikaci ta cewa gwargwadon hali: jerin yadda zai yi aikinsa, da lokacin hutunsa, da musanyar dutin dare tsakaninsa da abokansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

3. A kiyaye sa'o'in aiki da hutun mako da hutun shekara. Wayar hannu ta sa ana iya bin ma'aikaci da aiki har cikin ɗakinsa da tsakar dare. Kada a yi haka sai da larura ta gaske.

4. A biya haƙƙi kan kari, a kuma sanar da kowa ƙa'idar ƙarin girma da ta canjin wurin aiki tun kafin lokaci.

5. A yaba a bainar jama'a, a yi gyara a keɓe. Yabon ya ambaci abin da aka yi, gyaran kuma ya tsaya kan aikin, kada ya taɓa mutuncin mai shi ko ƙabilarsa ko addininsa.

6. A riƙa zama da ma'aikata a kai a kai, a tambaye su abin da ke hana ruwa gudu, a kuma dawo musu da amsa. Tambayar da ba a yi aiki da amsarta ba tana ƙara ɓacin rai ne.

7. A buɗe hanyar kai ƙara a asirce game da cin zali da tsangwama, musamman neman mata ma'aikata da lalata, a kuma kare mai ƙara daga ramuwa.

8. Wanda ya dawo daga jinyar ciwon damuwa a sassauta masa aiki da farko, a riƙe sirrinsa.

ABIN DA MA'AIKACI ZAI YI WA KANSA

Babban gyara yana hannun shugabanni, amma ma'aikaci ma yana da nasa rabo. Ya kiyaye barcinsa, domin baligi yana bukatar sa'a bakwai ko fiye. Ya motsa jiki ko da tafiyar ƙafa ce. Ya raba babban aiki ƙanana-ƙanana, ya gama ɗaya kafin ya kama wani. Idan nauyi ya fi ƙarfinsa, ya faɗa da wuri cikin ladabi, ya kuma zo da shawarar abin da za a jinkirta. Ya riƙe zumunci da abokan aiki, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma bincike ya nuna goyon bayan abokai yana rage zafin matsin aiki. Ya guji neman ƙarfi a cikin ƙwaya, domin bashi ce da jiki zai biya da riba. Ya riƙa auna jininsa lokaci lokaci.

Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar kome ya kai mako biyu kullum, ko mutum ya fara tunanin kashe kansa, to, lokacin ganin likita ya yi, kada a jira. Ciwon damuwa ciwo ne kamar sauran cututtuka, yana da magani, ba kuwa alamar raunin imani ko ragwanci ba ne. Addu'a da shawarar magabata suna tafiya tare da magani.

ABIN DA DOKAR ƘASA TA TANADA

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce ma'aikacin da dokar ta shafa, idan yana aiki sa'a shida ko fiye a yini, a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza sa'a ɗaya ba, da hutun kwana ɗaya cikin kowane kwana bakwai, da hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki tare da cikakken albashi bayan ya yi wata 12 yana aiki.

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun inshorar ma'aikata na NSITF ke gudanarwa, ta amince da matsin ƙwaƙwalwa a matsayin abin da ake iya biyan diyya a kansa, idan mummunan abu ya auku ba zato a bakin aiki, ko likitan da aka amince da shi ya tabbatar cewa yanayin aikin ne ya jawo shi.

A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Sabuwar dokar ta hana nuna wa masu wannan larura bambanci, har da batun aiki.

Mai neman taimako yana iya farawa daga asibitin da ke kusa da shi, daga nan a tura shi gaba idan da bukata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Yaba a Ikko, da Inugu, da Kalaba, da Binin, da Aro a Abekuta. A Aro ɗin nan ne Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a 1954, inda majinyata ke zama a ƙauyukan da ke kewaye tare da danginsu suna karɓar magani, maimakon a kulle su. Tsarin ya yi suna a duniya, ya kuma nuna cewa zama cikin jama'a yana taimaka wa mai jinya. Wurin aiki ma jama'a ce, yana iya taimaka wa mutum ya warke, yana kuma iya ƙara masa ciwo.

KAMMALAWA

Abin da binciken shekara ɗari ya tara bai wuce wannan ba: ma'aikaci yana bukatar hutu, da a saurare shi, da ta cewa a kan aikinsa, da adalci, da damar faɗin gaskiya ba tsoro. Ma'aikatar da ta tanadi waɗannan tana rage fashin aiki da kuskure da hatsari, tana kuma riƙe ƙwararrunta. Wadda ta yi biris da su za ta biya ta wata hanya, ko a kuɗin asibiti, ko a aikin da ya lalace, ko a jama'ar da ke zuwa neman biyan bukata su tarar da fuska a murtuke.

Ana kira ga kowane shugaba, daga mai kula da leburori biyar har zuwa babban sakatare, da ya zaɓi mataki ɗaya daga cikin takwas ɗin nan ya fara da shi a wannan wata. Ana kuma kira ga ƙungiyoyin ƙwadago su sa wannan batu cikin abin da suke tattaunawa da masu ba da aiki, kamar yadda suke sa batun albashi. Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa abokin aikinsa da bai samu ba. Rigakafi ya fi magani.